Lasin Yaya da Lambar Malama

Yayana direba ne, amma in kana sauri kada ka shiga motarsa. Tun yana jan babbar mota abokan aikinsa suka laƙa masa suna Kunkuru, sunan kuma ya bi shi har motar makarantar da ya koma tuƙawa lokacin ina goyon 'yata ta fari. Yanzu ita ma tana da nata goyon. Ni ce ƙanwarsa, tela ce ni, kuma duk saurin da Allah ya rage masa ni ya ƙara wa, musamman a baki. Mahaifiyarmu takan ce da za a zuba mu a tukunya ɗaya a gauraya, da an sami mutum biyu masu daidai.

Kullum da sassafe yakan zagaya motar, ya ƙwanƙwasa kowace taya da ɗan guntun ƙarfe, ya duba mai da ruwa, sannan ya goge madubin ciki da wani tsumma da ba ya barin kowa ya taɓa. Madubin nan shi ne rabin aikinsa. Ta cikinsa yake sanin wa ya miƙe tsaye, wa ke cinye abincin ƙaninsa, wa amai ke shirin kamawa. Ba ya tayar da mota sai mafi ƙanƙanta a cikin yaran ya zauna ya gyara jakarsa. Akwai wani tudun rage gudu daidai ƙofar shagona. Yaya yakan fara taka birki tun daga nesa, masu babur na bayansa su yi ta danna hon suna zagi, shi kuwa ya ɗaga musu hannu kamar gaishe shi suka yi.

Na sha ce masa, “Yaya, da ƙafa ma ai na riga ka.”

Sai ya ce, “Ke kanki kaɗai kika ɗauko. Ni 'ya'yan mutane na ɗauko.”

Matarsa ba malama ba ce, ko aji ba ta taɓa riƙewa ba. Shi ne ya laƙa mata sunan Malama, saboda ita ke karanta masa komai. Yaya yana hango allon hanya da lambar mota tun daga nesa, amma bai yi nisa a makaranta ba, ƙananan rubutu masu jere suna gajiyar da shi. Don haka duk inda aka tambaye shi lambar waya, ko asibiti, ko banki, ko ofishin lasin, tata yake bayarwa. Da yamma in ya dawo ya wanke ƙafa ya zauna bakin ƙofa, sai ta fito da wayarta ta ce saƙo ya shigo, shi kuma ya ce, “To, Malama, karanta mana.” Ko tallan kamfanin waya ne sai ta karanta da murya irin ta mai labarai a rediyo, yana gyaɗa kai. A wayarsa ma da wannan sunan ta adana masa lambarta. Ni matarmu nake ce mata. Nakan tsokane ta in ce ta mallake mana ɗan'uwa har da saƙonninsa, ita kuma ta ce in zo in karɓi aikin, a ga ko zan karanta saƙo ɗaya ban yi wa mai aikowa rashin kunya ba.

Ta rasu bayan gajeriyar jinya. Ba zan tsaya a nan ba, don har yanzu in na tsaya ba na iya ci gaba. 'Ya'yansu suka zo, suka koma inda suke aure da aiki, gidan ya rage shi kaɗai. Wayarta shi ya kashe ta da hannunsa, ya sa a durowa ƙarƙashin takardun mota, bai sake buɗewa ba.

Ni na tuna masa maganar lamba. Na rufe shago, na ja shi banki da asibiti da ofishin lasin, muka sa aka cire lambarta aka sa tasa. A ofishin lasin wata ma'aikaciya a taga ta ƙasa ta buga a kwamfuta, ta ba mu 'yar takardar shaida, ta ce an gama. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce sakaci muka yi. Mun je, da ƙafafunmu muka je.

Shekara ta zagayo har ta gota. Makon ƙarshe kafin hutun makaranta, yana mayar da yara gida, sai jami'an hanya suka tsayar da shi. Yaya yana cikin mutanen nan da ke jin daɗin a tsayar da su, saboda takardunsa kullum a cike suke. Ya miƙa lasin yana murmushi. Jami'in ya ɗora katin a kan na'urarsa, ya dubi na'urar, ya dubi Yaya.

“Baba, ka san an dakatar da lasin nan?”

“Nawa? Me na yi?”

“Ba ka je gwajin ido ba. Sabuwar doka ce a kan masu ɗaukar yara da suka manyanta. An aika maka sanarwa. Kashe mota ka sauko.”

Haka motar ta tsaya a gefen titi cikin rana, yara suna kuka, Yaya yana bakin ƙofa yana musu fifita da kwali. Kafin shugabar makaranta ta samo wani direban, wasu iyayen sun ji labari sun iso. Wata uwa ta fizgi hannun ɗanta, ta ce a kan kunnensa, “Ashe makaho ke ɗaukar mana yara.” A ranar, da ƙafa ya zo shagona. Ya zauna a bencin masu jiran ɗinki kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki, sai da na tsayar da keke na tambaye shi sau biyu sannan ya yi magana.

Shugabar makarantar mace ce mai kirki, amma makaranta ba da kirki kaɗai take tafiya ba. Ta ce masa, “Baba, ga hutu ya zo. Ka je ka gyara, motarka tana jiranka. Amma in aka dawo babu lasin, dole in nemi wani.” Magana ta fito fili: ko lasin kafin a dawo hutu, ko sitiyarin ya bar hannunsa.

Na ce masa wannan ai aikin yini ɗaya ne. Allah ya yafe min wannan bakin.

Da muka je ofishin lasin, a taga ta ƙasa wani mai tabarau muka tarar. Ya buga, ya ce an aika sanarwa har sau uku, kuma duka sun shiga. Na ce ya nuna min inda suka shiga. Ya juyo da fuskar kwamfutar, na karanta lambar. Lambar Malama ce. Na zaro takardar shaidarmu na buga masa a kan kanta.

Ya duba ya ce, “Gaskiya ne, a nan an canja. Amma sanarwa ba daga nan take fita ba, daga sama take fita. Su kwamfutarsu daban.”

“To wa ya kamata ya gaya wa ta saman?”

“Ita wannan ya kamata ta gaya mata.”

“Ba sa ga-maciji ne?”

Bai yi dariya ba. Ya nuna mana bene.

A sama wata yarinya ce a bayan tebur, fanka tana kaɗa mata takardu tana danne su da kofi. Yaya ya cire hula ya riƙe, ya ce, “'Yata, ni ba rigima ta kawo ni ba. Ga idon nan na zo da shi, a duba ko yanzu.”

Ta ce ba a ba da ranar gwaji sai ga mai lasin da ke aiki. Wanda aka dakatar sai ya ɗaukaka ƙara, kwamiti ya ba shi izini. Na ce to mun ɗaukaka. Ta ce kafin ƙarar ta buɗu, kwamfuta za ta tura lambobin sirri zuwa wayar da ke cikin rajista, mu karanto mata.

Yaya ya ce, “Ai mai wayar ta rasu.”

“Allah ya jiƙanta, Baba. To sai a canja lambar.”

Na ce, “Canja.”

“Shi ma canjin sai an tura lambobin sirri zuwa tsohuwar lambar.”

Nan na tashi. Ban san duk abin da na faɗa ba, amma na san mutanen da ke layi sun daina hira, kuma Yaya yana ta jan gefen mayafina. Yarinyar ta bar ni na sauke duka. Sannan ta juyo min da kwamfutar, ta sa yatsa a wani wuri da ya dusashe.

“Anti, kin ga wurin nan? Ba ya dannuwa. Wallahi da yana dannuwa, da na danna tun kafin ki fara.”

Wannan ya fi min zagi ciwo. In mutum ya zalunce ka, ka san wanda za ka kama wa riga. Nan kuwa ba wanda ya yi, kowa yana ba ka haƙuri, kuma ba wanda zai iya warwarewa. A ƙarshen baranda akwai ofishin koke. Na rubuta musu komai, har bayan takardar na cika. Mutumin ya buga hatimi, ya ce za a turo mana amsa ta waya. Na ce wace wayar? Ya ce, “Wadda ke cikin rajista.”

Da muka koma gida Yaya ya daɗe tsaye a gaban durowar nan kafin ya ja ta. Na sa wayar a caji, ta kawo haske, hoton jikarsu ya fito, amma babu layi. Muka je shagon kamfanin waya, suka ce layin da ya daɗe ba a amfani da shi akan rufe shi a ba wani, kuma wannan an riga an bayar.

Yaya ya ce, “An ba wani?”

Bai taɓa sanin lambar mutum kamar ɗakin haya take ba, in ka fita wani ya shiga.

Ni na fara kiran lambar. Mace ta ɗauka, ga hayaniyar mata a bayanta. Na zuba mata bayani da saurina, ina kaiwa kan lambobin sirri sai ta fashe da dariya. “Yau kuma mace aka sa? Ku ji tsoron Allah, ku nemi sana'a.” Ni da allura ta gama huda min yatsu, ni ake ce wa in nemi sana'a! Na mayar mata da martani daidai da ita har da gyara, ta kashe, ta toshe lambata. Da na huce na san gaskiyarta ce. Kullum rediyo yana faɗa, kada ka ba kowa lambobin da aka turo maka. Gaba kura, baya sayaki: hukuma ta ce sai mun karɓo a hannun baƙuwa, hukuma kuma ta gargaɗi baƙuwar kada ta bayar.

Hutu yana ta tafiya. Mun koma ofishin nan har maigadinsu ya fara tambayata ya ɗinki. Wani ya ba mu shawara mu kai takardar shaidar rasuwa. Muka kai, suka karɓa da ladabi, suka duba, suka ce wannan ta rufe lasin mamaci ce, mai wannan lasin kuwa yana da rai. Na ce to laifinsa ke nan, bai mutu ba? Yaya ya sake jan mayafina.

Duk da haka bai fasa zuwa makaranta ba. Kowace safiya zai je ya wanke motar, ya ƙwanƙwasa tayoyi, ya tayar da inji don kada batir ya mutu. Sai ya zauna a kujerarsa, hannu biyu a sitiyari, ƙofar makaranta a buɗe maigadi yana shara, titi yana gabansa. In injin ya ɗumama ya kashe ya sauko. Maigadin ya ce masa ya ɗan zagaya da ita cikin fili mana, ba mai gani. Yaya ya ce, “An ce kada in tuƙa.” Da na ji wannan, shi ma sai da na ji haushinsa.

Na ce ya kira matar nan da kansa, muryarsa ba irin tawa ba ce. Ya ce, “Ba zan iya danna sunan nan wata ta amsa ba.” Na ce in goge sunan in bar lambar. Kallon da ya yi min ya sa ban sake tayar da wannan ba.

Sai da hutu ya kusa ƙarewa, wata rana da la'asar yana zaune a bencin shagona, na ga ya fito da wayar ya ajiye a gwiwa. Na rage gudun keke na yi kamar ina gyara zare. Ya danna.

“Salamu alaikum, 'yata. Ni tsoho ne, direban motar makaranta. Lambar nan da ke hannunki ta matata ce, Allah ya yi mata rasuwa. Ba na so ki gaya min komai a waya. Faɗa min inda kike, in zo ki ga fuskata.”

Sai na jiyo muryarta: “Kai ne wanda ake ta cewa ya je a duba idonsa?”

Mai kitso ce, shagonta yana can ɗaya gefen gari, ɗan ƙarami, madubi ya cinye rabin bango. Yaya ya ƙi shiga cikin mata, aka fito masa da kujera bakin ƙofa. Ta bar kan da take yi rabi, ta goge hannu, ta nuna masa saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Ta ce na farko ta zaci 'yan damfara ne, na biyu ta ce kuskure ne, na uku kuwa ta ce wa masu kitso, wannan mutum ko waye shi akwai taurin kai. Sannan ta dube ni sama da ƙasa.

“Ke ce mai bakin nan?”

“Ni ce.”

“To Baba zan karanta wa, ba ke ba.”

Na haɗiye. Wanda yake nema ba ya zaɓen murya.

Su lambobin sirrin nan ba sa daɗewa suke mutuwa. Ranar farko yarinyar ofis ta tura, Yaya ya kira, hannun mai kitso yana cikin mai, kafin ta wanke ta ɗauka sun mutu, kwamfuta kuma ta ce sai gobe. Washegari mai kitso ta sallami kowa ta zauna da waya a hannu. Ta karanto, Yaya yana maimaitawa ɗaya-ɗaya da irin saurinsa, ni ina tsaye kamar in fizge wayar. Ƙara ta buɗu. Muka sake yin haka don canja lamba, yarinyar ta ce ya shiga, amma zai ɗauki lokaci kafin ya hau. Ranar zaman kwamiti kuwa za a turo ta waya. Daga nan muka shirya da mai kitso. Na ɗinka mata labulen ƙofar shago, ta buɗe lambata, muka yi da ita duk abin da ya shigo ni za ta kira, don kada sunan nan ya riƙa fitowa a wayar Yaya.

Da aka turo ranar zaman, sai ga ta bayan komawa makaranta.

Shugabar ta yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta yi makon farko da direban aro. Amma iyaye suka matsa, maganar makaho kuma ta riga ta zaga. Ta ɗauki wani saurayi mai sabon lasin. Ta kira Yaya ta ce matar da ke zama bakin ƙofar mota tana hawar da yara da sauke su ta bar aiki, in yana so kujerar tana nan.

Na ce, “Yaya, kada ka yarda. Daga sitiyari ka koma bakin ƙofa, a motar da kai ka san kukanta? Zo ka zauna min a shago.”

Ya ce, “Yaran sun saba da ni. Wanda amai ke kamawa, sabon direban nan bai san shi ba.”

Ya karɓa.

Kwamitin mutum uku ne a dogon tebur. Na kwana biyu ina shirya abin da zan faɗa, sai aka ce mai lasin kaɗai zai yi magana. Yaya ya miƙe, hula a hannu.

“Ranku ya daɗe, ban ƙi gwaji ba. Ba a gaya min ba ne. Matata aka gaya wa, ita kuma ba ta nan.”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Suka duba takardar shaidarmu, suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Shugabansu ya ce lallai kuskuren daga ofis yake, suna ba shi haƙuri. Amma dakatarwar tana nan sai ya yi gwajin ido, kuma za a turo masa rana. Ban iya riƙe bakina ba, na ce daga inda nake zaune, “Ta wace lamba, ranka ya daɗe?” Ya dubi na kusa da shi, na kusa da shi ya dubi takarda. Ta wayar mai kitso ranar ta zo. Yaya ya je, ya karanta allon likita har layin ƙasa, a hankali kamar yadda yake tuƙi. Likita ya sa hannu ya ce idonsa lafiya lau. Aka ce mu je gida mu jira saƙo.

Jiran nan ya fi duk hawa benen wuya. Ba inda za ka je, ba wanda za ka tambaya. Na ga rigunansa sun fara yi masa yawa, sai na riƙa karɓa ina ragewa ba tare da na ce komai ba.

Wata yamma na kai masa rigunan, na manta wayata a shago. Yana zaune bakin ƙofa ya wanke ƙafa, wayarsa tana kan tabarma a tsakaninmu. Sai ta yi ƙara, fuskarta ta kawo haske, ga sunan nan ɓaro-ɓaro: Malama. Na san mai kitso ce, ta neme ni ba ta samu ba. Shi ma ya sani. Amma duk da haka Yaya ya zuba wa wayar ido tana ta kuka, ya goge tafin hannunsa a wando, sannan ya ɗauka.

“Baba, saƙo ya shigo.”

Ya ce, “To, karanta mana.”

Ta karanta. An janye dakatarwa, lasin ya dawo aiki daga yau. Ya yi mata godiya, ya sa mata albarka, ya ajiye wayar a inda take. Ni ce na yi kukan, kuma ban san ko na murna ne ko na baƙin ciki ba.

Washegari ya sa rigar da na rage masa ya tafi wurin shugabar. Ta yi murna ƙwarai, har ta tashi tsaye. Sannan ta zauna ta ce ta riga ta yi yarjejeniyar shekara da saurayin, shi ma yana da iyali, kuma iyaye sun natsu, ba ta son ta sake tayar da su. Ta ce a bari a ga ƙarshen shekara. Yaya ya ce ba komai, Allah ya kai mu.

Amsar kokena ma ta zo daga baya. Sun ce sun bincika, sun gano matsalar, an gyara lambar wayarsa, suna godiya da haƙurinmu. Mai kitso ce ta karanta min, don wayarta aka tura. Na ce wa Yaya gobe mu koma benen nan, wannan karon sai na ga wanda ke sama da na sama. Ya ce, “Bar su haka. Na gaji.” Ban san ko gajiyar ce kaɗai ba, ban kuma tambaya ba.

Yanzu kullum motar tana wucewa ta ƙofar shagona. Saurayin ba mugun direba ba ne, amma sai ya zo dab da tudun nan yake tuna akwai shi, motar ta yi tsalle, yara su yi ihu suna dariya. Yaya yana kujerar bakin ƙofa, lasin mai aiki a aljihun gaba, hannu ɗaya ya tare ƙaramin da ke kusa da shi. Ba ya juyowa ya dubi shagona, idonsa yana kan titi.

Shekaranjiya da ya tashi aiki ya biyo, na ga yana ɗan ɗingishi. Ya zauna a benci ya ce ko ina da man zafi. Na ɗauko masa, ya naɗe wando ya fara shafawa a ƙafar dama, daga gwiwa har idon sawu.

Na ce, “Me ya same ta? Kai da kake zaune yini guda?”

Ya ci gaba da shafawa, bai ɗago ba.

“Yaron nan ba ya taka birki da wuri,” in ji shi. “Ni nake taka masa.”